Rasuwar Mai Tari, Salansar da Ruga Ta San Muryarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yau ya ƙi sauka, ni Mainasara Mode, direban mota ƙirar kanta mai jigilar kanwa da gishiri da dusa daga Bodinga zuwa rugagen Shagari, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa toshe kunne saboda ita, rasuwar salansar motata, wadda aka fi sani da Mai Tari. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, mako uku da suka wuce, a kan kwalbatin da ke bayan Horo Birni, bayan doguwar jinya. Ta bar duniya tana da shekara shida da wata huɗu, wanda a wajen baƙin ƙarfe tsufa ne mai kyau.

Ina neman afuwa saboda jinkirin sanarwa. Na sani ba a saba ajiye gawa mako uku ba. Rigimar wadda za ta gaje ta ce ta tsayar da komai, kuma wanda ya yi haƙuri ya karanta zuwa ƙasa zai ga ba ni da laifi a jinkirin, ko da yake ina da shi a wani wurin.

An haifi marigayiya a rumfar Abdulƙadir mai walda, bayan tashar Bodinga, daga bututun baƙin ƙarfe da wani farantin ƙarfe da ya rantse na ƙasar waje ne. Duk abin da ke rumfar Abdulƙadir na ƙasar waje ne, har bencin da muke zama a kai. Ya yini yana lanƙwasa ta, yana bugu, yana liƙewa da wutar gas, ni kuma ina gefe ina ɓarar gyaɗa. Da la'asar ya ɗaura ta, na tayar da mota, ta yi kukanta na farko. A ranar ne kuma sufanarsa mai lamba goma sha uku ta ɓace. Ya birkice rumfar kaf bai gan ta ba, sai ya dube ni, ya dubi aljihun rigata. Tun daga ranar ban taɓa tsayawa a ƙofarsa ba sai ya tarbe ni da, "Maraba da mai sufana." Tare muka yi makarantar allo, shi ya sa nake haɗiyewa. Na kawo wannan magana ne domin tana da alaƙa da mamaciya, a riƙe ta.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, ba zan yi wa matacciya ƙarya ba. Baƙa ce, gajera, da ɗan ƙusumbi ta gefen hagu. Amma haƙuri, sai dai a tara a samu. Ta sha taɓo, ta sha jifan tsakuwa, ta ratsa ruwan fadamar Danchadi lokacin kwasar albasa ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Mai ciyarwa ce kuma. In na naɗe dankali a takardar siminti na ɗaure mata da waya a Bodinga, kafin in kai Shagari ya nuna lugub. Direbobi da yawa sun ci daga hannunta, har da waɗanda suka riƙa yi mata dariya.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu, maimakon in jefar da ita a bola kamar yadda masu hankali suke yi, shi ne muryarta. A kan kwalta magana take yi irin ta kowace salansa. Sai an sauka kan burji, an iso kwalbati, na mayar da giya ta biyu, sannan za ta yi guf, guf, sau biyu, ba ƙari ba ragi, ta kuma ja dogon garrrr har mu haye. Makanikai uku sun shiga ƙarƙashin motar don gano dalilin tarin, kowa ya fito da nasa tatsuniyar. Abdulƙadir kuwa cewa ya yi da gangan ya sa mata shi, fasaha ce, ba kowa ake yi wa ba.

Daga wannan kwalbati zuwa rugar Ardo Sodangi tafiyar mil ɗaya ce, ta cikin gonakin gero. Waya ba ta kamawa a can sai mutum ya hau wani suri ya ɗaga hannu. A zamanin nan da muke ciki kuwa, mutanen daji ba su jiran ido, da kunne suke tsaron kansu. Da an ji ƙarar injin da ba a sani ba, a bar ƙwarya, a bar tabarma, a faɗa cikin hatsi. Ba sai na faɗi dalili ba, kowa a ƙasar nan ya sani. To kowace Laraba, shekara shida, tarin nan guda biyu shi ne sallamata. Da ya tashi, mata su soma haɗa ƙoren nono domin in sauke su bakin kasuwa, maza su fito da jakuna domin kanwa, masu kiwo a nesa su ci gaba da kiwonsu. 'Yan matan rugar ne suka raɗa mata suna Mai Tari, sunan kuma ya bi ta har tasha.

A ƙofar rugar akwai aduwa, a gindinta kuma akwai Inna Maimuna, mahaifiyar Ardo. Ta doshi casa'in, yanar ido ta rufe mata idanu biyu, amma hannunta bai manta ɗinkin faifai ba. Kullum na iso a nan nake samunta, da murlin kaba da allura, tana ta ɗinki. An gaya mini in tarin ya taso daga kwalbati ko kai ba ta ɗagawa. Abin da take cewa kawai shi ne, "Laraba ta yi," ta ci gaba da ɗinkinta. Da shi take lissafin kwanaki. Ni ban taɓa jin ta faɗa da kunnena ba, domin a lokacin ina kan sitiyari mil ɗaya daga wurin. Sai dai faifan da ke rufe tuwo a gidana duk nata ne, kuma ba ta taɓa karɓar ko sisi a kansu ba.

Game da jinya, wajibi ne in faɗi gaskiya, tunda mamaciya ba za ta iya kare kanta ba. Akwai katako ɗaya da ya tsage a ƙasan bodin motata, daidai saman inda take kwance. Ba ni da tamfol mai kirki, wanda nake da shi ya fi kama da rariya. In damina ta sauka, ruwa ya jiƙa buhunan gishiri da kanwa, ruwan gishirin ya bi ta tsagar, ya riƙa ɗiga a kanta tana da zafi. Na sha jin tsss, tsss, in na tsaya. Damina huɗu ina jin wannan ƙara, ina cewa ajiyar zuciya take yi bayan doguwar tafiya. Ashe cin ta ake yi da ranta, kuma kayan da nake cin abinci da su ne suke cin ta.

Tsatsa ta fara da ƙuraje, ta koma gyambo, gyambo ya zama rami. Na kai ta wurin Abdulƙadir sau tara. Ya yi mata faci da gwangwanin madara, da murfin tukunya, da wani yanki na tsohon allon talla, har ta koma kamar rigar mahaukaci. A zuwa na tara ya fito daga ƙarƙashin motar yana karkaɗe wando ya ce, "Mainasara, wagga ta gama nata. Babu inda wuta za ta kama kuma, tsatsa nika liƙa ma tsatsa. Gyara katakon ga, ka sai tamfol, ka sake ta tun ba ta kunyata ka ba." Na ce bayan Salla. Salla biyu suka wuce.

A nan ne masu ba da shawara suka taso mini, kuma ina roƙon Allah Ya raba kowane Musulmi da irin yawan shawarar da na sha. Shugabansu shi ne Kamal, ƙanen matata, mai sayar da kayan mota a Sakkwato, wanda ba ya buɗe baki sai ya fara duba waya. Shi ya zaunar da ni ya karanta mini cewa ƙarfen salansa iri uku ne. Akwai baƙi, irin na marigayiya, mai araha, wanda kowane mai walda zai iya taɓawa, amma gishiri na ganinsa yake wanke hannu. Akwai wanda aka shafa wa alminiyam, fari a ido, baƙi a ciki, da tsakuwa ta karce shi sai asalinsa ya fito. Wannan tun a nan na cire shi, na san mutane masu irin halinsa da yawa, ba na bukatar ƙari a ƙarƙashin motata. Sai na uku, farin ƙarfe marar tsatsa, irin na kwanukan silba da ke jere a ɗakin matata. Wannan, in ji Kamal, sai motar ta mutu ta bar shi. Kuɗinsa ya kai na ɗan maraƙi, kuma in ya tsage wutar Abdulƙadir ba ta iya masa, sai an kai shi birni.

"Yaya, araha ba ta ado," in ji shi. "Ka sai silba sau guda ka huta."

Abdulƙadir ya ce in na sa silba kada in ƙara taka rumfarsa. Direbobin tasha suka rabu gida biyu, har aka kusa dambe a teburin mai shayi, tsakanin mutanen da ko taya ba su mallaka ba. Duk cikinsu, har da ni, babu wanda ya tambayi abu ɗaya da ya kamata a tambaya, wato da wace murya sabuwar za ta yi magana. Ina cikin wannan jan ƙafa ajali ya riske ta.

Ranar an kwana ana ruwa. Na ɗauko buhu goma sha biyu, na sauka kan burji, na iso kwalbati, na mayar da giya ta biyu. Ta yi guf, sau ɗaya. Na jira na biyun, sai na ji ƙwarangwam a ƙarƙashina. Ta tsinke daga wuya ta faɗi cikin taɓo, taya ta baya ta bi ta gefenta. Wannan guf ɗaya shi ne kalaminta na ƙarshe.

Injin da aka cire wa salansa kowa ya san yadda yake. Tatatata yake yi, ba kunya ba tsoron Allah. A nan ne na tafka wautar da ta hana ni barci har yau. Maimakon in kashe mota in taka da ƙafa, sai na ɗauki gawar na jefa a bodi, na ce ai saura mil ɗaya, bari in ƙarasa in sauke wa mutane kayansu. Ni da na shekara shida ina bin hanyar, ni da na san abin da kunnen mutanen nan yake saurare dare da rana, na taka mota na nufe su da wannan ƙara.

Da na iso babu kowa. Ƙoren nono a kife, nono na bin ƙasa. Tukunya a kan wuta, takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakar fili. Maruƙa sun tsinke igiya sun faɗa gonar geron maƙwabta. Na kashe mota, shiru ya rufe wurin, sai na hango mutum ɗaya a gindin aduwa. Inna Maimuna ce. Ta ajiye faifan a gefe, ta juya ta fuskanci gabas, ta ja mayafi ta rufe kanta, bakinta na motsi. Kalmar shahada take yi.

Na durƙusa nesa kaɗan na yi sallama. Ta juyo ta ce:

"Wane na?"

"Ni na, Inna. Mainasara."

"Kai na?" Ta laluba ta kama hannun rigata. "Na ɗauka su na. Jikata ta so ta goya ni, nic ce ta gudu da ɗiyanta. Ni ban iya gudu, shi as sa niz zamna." Sannan ta ce, "To ina Mai Tari?"

Na yi shekara arba'in da bakwai a duniya, an zage ni a tasha, an mare ni a shingen hanya, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Sai bayan kusan awa ɗaya mutane suka soma fitowa daga cikin hatsi, ɗaya bayan ɗaya, da ƙaiƙayi da tsagar ƙaya a jiki. Babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Ardo Sodangi ya zo ya tsaya, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi nonon da ke ƙasa, ya dubi gawar da ke bodi. Na cire hula na ce, "Baffa, Allah shi ba ka haƙuri." Ya jingina da sandarsa ya ce, a hankali kamar mai ba da labarin ruwan sama:

"Mainasara, shekara shida kunnenmu ka gane ka kamin ido shi gan ka. Ba mu ƙi ka ba. Amma kar motar ga ta koma wuce kwalbati sai da muryad da munka sani."

Tun daga ranar Inna ba ta sake fitowa gindin aduwa ba. Tana cikin bukka, ta daina ɗinki. An ce ko injin niƙa aka tayar a Horo Birni iska ta kawo ƙarar, sai ta laluba tana neman mayafi. Ta kan tambayi jikokinta yau wace rana ce, su gaya mata, an jima ta sake tambaya.

Laraba ta farko bayan rasuwa, Kamal ya ba ni aron silba domin gwaji. Gaskiya tana da kyau, har wani direba ya tsuguna ya gyara hularsa a jikinta. Na tsaya nesa da kwalbati, na taka da ƙafa na kira Ardo, muka dawo tare, na hau na tayar, na sa giya ta biyu. Ta yi wani siririn fiiii mai santsi, irin na motocin da ba su gaisawa da kowa. Ardo ya saurara ya ce, "Wagga ta 'yan birni ta." Kamal, wanda ya biyo ni, ya ce ai za su saba, kwana nawa ne. Ardo ya dube shi ya ce masu kiwo a warwatse suke cikin daji, ba mai bin su ɗaya ɗaya yana gaya musu an sake murya, kuma kunnen tsohuwa ya rufe karatu, abin da ya haddace ya haddace. Kamal ya koma duba waya.

Laraba ta biyu na zo da sabuwa ta baƙin ƙarfe, daga hannun Abdulƙadir, mai fasahar da ba kowa ake yi wa ba. Na ce ya sa mata tari irin na waccan, ya ce an gama. Muka zo kwalbati, ta yi buuuu, lafiyayya ƙalau, ko kakin majina babu. Ardo ya juya ya tafi. Na dubi Abdulƙadir, ya dubi sama. A ranar ne ya amsa da bakinsa, bayan shekara shida, cewa bai san abin da ya sa ta tari ba.

Duk waɗannan makonni a kwalbati nake sauke kaya. Jakuna su kwashi wasu, sauran in ɗauka a ka. Buhun kanwa a kan mutum mai shekaruna, mil ɗaya, cikin laka, ba abin da zan yi wa maƙiyina fata ba ne. Mata kuma su taka wannan mil ɗin da ƙoren nono. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, na yarda, amma abin da ya fi cin raina shi ne ni na ɗebo, bakin wasu ke ƙonewa.

Shekaranjiya haƙurina ya ƙare. Na ɗauki gawar na dire ta a gaban Abdulƙadir na ce ya buɗe ta mu ga abin da ke cikinta. Kamal yana nan, ya zo karɓar silbarsa. Aka sa wuta aka tsaga cikin marigayiya. Tsatsa ta zubo, baƙin toka ya zubo, sai wani abu ya faɗo ƙasa ya yi ƙwal. Abdulƙadir ya ɗauka ya goge da gefen rigarsa. Sufana ce, mai lamba goma sha uku. Shi ya manta ta a ciki ya liƙe. Ita ce in mota ta karkata a kwalbati take zamewa ta toshe bakin bututu, hayaƙi ya ture ta, ta dawo, ya sake ture ta, sannan hanya ta buɗe.

Jama'a, ina so a rubuta a ajiye. Shekara shida ana kirana mai sufana a gaban mutane. Na tsaya ina jiran ban haƙuri. Abin da mutumin nan ya ce shi ne, "To ai ban yi ƙarya ba, cikin motarka ta kwana." Sannan ya jefa ta a aljihu.

Kamal kuma ya yi tsalle, domin sufanar farin ƙarfe ce, da aka goge ta sai ga ta tana ƙyalli kamar jiya aka saye ta. "Kun gani? Shekara shida cikin wuta da gishiri! Mi nic ce muku?" Ya yi gaskiya, kuma babu abin da ya fi gaskiyar ƙanen mata ɗaci. Na ce to a sa ta cikin silbar. Ya ce silba daga kamfani take zuwa a rufe, cikinta daban ne, in aka tsaga ta an kashe ta, kuma ba shi karɓar gawa.

Saura rigimar gado. Abdulƙadir ya ce sufana tasa ce, ya yi kewarta, ba ya ba da ita. Na ce abin da aka samu a cikin mamaci na magada ne. Muka yi ta yi har masu shayi suka taru. Da na ga ba ci gaba, sai na zauna a kan bencin nan na ƙasar waje, na ba shi labarin abin da na tarar a gindin aduwa, wanda kunya ta hana ni gaya wa kowa dalla-dalla. Na gaya masa yadda ta juya gabas, da yadda ta sallami jikarta. Ya saurara har na gama. Ya ciro sufanar, ya jujjuya ta a hannu, ya jawo sabuwar baƙar da ya ƙera, ya kunna wuta. Ya tsaga ta, ya auna da tsohuwar, ya kwantar da sufanar daidai inda ta bar shaida a jikin marigayiya, ya liƙe. Da ya gama ya ce, "Yanzu kam kai ad da ita, da shaidu."

Saboda haka ina sanar da masu shawara cewa an rufe ƙofa. Na zaɓi baƙin ƙarfe, ina sane da cewa mai mutuwa ne. Na san silba ta fi shi, an nuna mini a waya, na kuma gani da idona. Na sake katakon, na sayi tamfol, abin da da na yi shi tun damina huɗu da suka wuce da ba a kai ga wannan takarda ba. Mun gwada sabuwar a bayan tasha, ba ta yi tari ba, amma marigayiya ma ba ta taɓa yi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba. Sai a kwalbati za a sani, kuma ba ni da ikon kai ta can in gwada a ɓoye, domin duk abin da ta faɗa a wurin, ruga za ta ji.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, injin motar, wanda tun rasuwarta bai yi magana mai daɗin ji ba. Ta bar robobi biyu da suke riƙe da ita, suna nan suna reto. Ta bar faci tara, da waya kamu uku, da sufana ɗaya wadda ta riga ta tare a sabon gida. Ta bar ni. Ta kuma bar tsohuwa ɗaya a cikin bukka wadda ba ta san yau wace rana ce ba.

Iyalai suna godiya ga duk wanda ya zo gaisuwa, ban da 'yan gwangwan guda biyu, masu sayen tsohon ƙarfe, da suka zo da sikeli tun gawa ba ta huce ba. Allah Ya shirye su.

Za a yi jana'iza ranar Laraba mai zuwa da hantsi, in Allah Ya kai mu. Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya ja mini kunne a kan haka, kuma na ji. Za a taso daga rumfar Abdulƙadir bayan an karya kumallo, da gawa a bodi, a lulluɓe da sabon tamfol, wanda ba ta samu ba tana da rai. Za a tsaya nesa da kwalbati a kashe mota. A gefen hanya, inda ta faɗi, za a haƙa rami a rufe ta, domin kada wani ya auna ta a sikeli.

Daga nan ni zan taka da ƙafa zuwa ruga. Ardo ya yi alkawarin zai lallashi Inna ta fito gindin aduwa, a ba ta faifanta da allurarta, ba tare da an gaya mata dalili ba. Zan zauna nesa kaɗan, ba zan yi sallama ba. In rana ta kai inda muka yi da shi, Abdulƙadir zai tayar da mota, ya hau kwalbati, ya mayar da giya ta biyu.

Ana roƙon masu rakiya kada kowa ya zo da babur. Ba a son danna oda, ba a son kiɗan waya, ba a son shawara. Wanda yake fama da tari ya yi haƙuri ya zauna gida, za a kawo masa labari.

In ta laluba neman mayafi, to motata ta gama wuce kwalbati, ni kuma zan ci gaba da ɗaukar buhu a ka har ranar da wuyana zai bi marigayiya. Shi ya sa masu yi wa magajiya addu'ar tsawon rai nake cewa su bar wannan, damina biyu ma ta ishe ni. Abin da nake roƙo a taya ni da shi ƙarami ne. Ta yi guf, guf, sau biyu, tsohuwa ta ji, kada ta ɗaga kai, allurarta kada ta tsaya. Ni kuma, karo na farko a shekara shida, ina zaune kusa, in ji da kunnena ta ce Laraba ta yi.

Sanarwa daga Mainasara Mode, tashar Bodinga, a madadin iyalai.